Tutar da Aka Ce Na Ci

Ku duka kun taso kuna jin sunan nan. Babu ɗayanku da bai taɓa dawowa gida da yagaggiyar riga ba saboda wani yaro ya ce masa ɗan Ci-Tuta. Kai Sani har haƙori ka bari a filin ƙwallon Malbaza a kan sunan nan. Uwarku, Allah ya jiƙanta, ta sha ce mini in zaunar da ku in gaya muku yadda aka yi, ni kuwa ina ganin wanda bai ci ba ba ya bukatar wanke hannu. Yanzu ido ya fara gajiya. Waɗanda suka san gaskiya yawancinsu suna ƙasa, waɗanda suka rage kuma ba su faɗe ta da ƙuruciyarsu ba, balle da tsufa. To, ga ta daga bakina.

Shekarar da ta biyo bayan babban farin nan ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ta wani ƙauye tsakanin Malbaza da Illela. Ba zan faɗi sunansa ba, don jikokinsu ba su yi mini komai ba. Mu biyu ne malamai, Mushe ake kiran kowannenmu. Darekta, shugabanmu Mushe Garba, yana riƙe da manyan yara a ɗakin siminti, ni ina riƙe da ƙanana a rumfar zana. Abin da na fi so a aikin duka shi ne ranar aikin hannu. A wasu lakwal an mai da ita ranar tura yara itace da ɗiban ruwan gidan darekta, ni kuwa tun ina yaro a Tsarnawa hannuna ke ƙaiƙayi in na ga laka. Ba mu da fenti, ba mu da takarda, amma muna da Malbaza kusa, inda ake yin siminti. Direbobin kamyo, manyan motocin siminti, sukan jefo mini yagaggun buhunan takarda, in kakkaɓe, in yanka, ga takardar zane ta samu. Baƙi daga gawayi, ja daga jar ƙasa, shuɗi daga shunin wankin uwarku, wanda nake ɗiba tana faɗa. Ƙaro kuwa yara ke ɓamɓaro shi a daji, mu jiƙa, ya zama abin liƙi. Da laka suke gina shanu masu tozo da raƙuma da ƙananan rumbuna, da karan dawa suke ƙera kamyo har da ƙafafu masu juyawa. Yaron da mako duka ya kasa buɗe baki da Faransanci, ranar nan sai ka ga ana zagaye da shi ana kallon hannunsa.

A cikinsu akwai wata yarinya, Hajo, ba ta fi shekara goma ba. Uwarta ta rasu, ubanta ya ƙetare iyaka neman abinci bai dawo ba, tana zaune wurin kakarta, Inna Dije. Ban taɓa koyar da mai hannu irin nata ba. Ranar da na sa su gina shanu, kowa ya gina ƙosasshiya mai sheƙi, ita kaɗai ta gina saniya da haƙarƙari a waje, kai a ƙasa. Na tambaye ta me ya sa tata ta rame.

"Mushe, haka nig gan ta," in ji ta.

Haka kuwa kowa ya gan ta. Ku da kuka taso kuna sayen iri a leda ba za ku san abin da ake nufi da iri a shekarar nan ba. Mutane sun ci anza, 'ya'yan dajin nan masu ɗaci, sun ci dusa, sun tona gidan tururuwa suna neman ƙwayar da ta ɓoye. Amma a kowane gida akwai gora rataye a ƙuryar ɗaki, an zaɓo ƙwayoyin da suka fi kyau an gauraya da toka saboda ƙwari, an toshe baki da laka. Wannan ba a taɓa shi. Ba doka ce ta gwamnati ba, ba kuma wani malami ne ya yi wa'azi a kai ba, haka aka gada: ba a cin iri. Na shiga gidan da aka yi jana'izar yaro saboda yunwa, na ɗaga kai na ga goran iri da lakarsa a baki, ba wanda ya ɓalle ta. Wanda ya ci irinsa ya ci baɗi, kuma har ya mutu za a riƙa nuna shi da baki.

Ana cikin haka, zafi ya kai iyaka, kowa na duban gabas, sai saƙo ya zo daga anspekta, mai duba makarantu a Konni. Kowace lakwal ta kawo aikin hannun yara a ƙarshen shekara, za a baje a gaban kumandan, mai mulkin yankin. Na yi murna, na ce ga shanunmu ga kamyonmu. Darekta ya taɓe baki. Yana da wani littafi da aka bugo a ƙasar Turawa, a ciki akwai hoton da yaransu suka yi da ƙwayoyin hatsi liƙe a kan takarda. Ya buɗe mini shafin ya danna da yatsa.

"Mushe Isaka, shanun laka kowace lakwal tana kawowa, ƙauyanci na. Mu tuta ta ƙasa za mu kai, girman ƙyaure. Jar dawa bisa, hwarin wake tsaka, hatsi ƙasa. Kumandan in yag gani ba shi mance sunan lakwal ɗin ga."

"Darekta, wane hatsi? Mutane anza suka ci."

"Dintsi guda ga kowane yaro. Dintsi guda ba shi kashe kowa."

Da safe wajen ɗaga tuta ya tsaya da dorina a hannu ya faɗa da bakinsa: ranar Litinin duk yaron da ya zo hannu wofi zai sha bugu, kuma za a kai sunan ubansa wurin maigari. Ranar Litinin kuwa suka zo, kowa da ƙullinsa a bakin zane ko a aljihu. Suna zubawa a ƙwarya na ga hannuwansu fari fat da toka. Ƙwayoyin manya, zaɓaɓɓu, ba tsakuwa ba ƙaiƙayi. Iri ne. Yaro ya duba gidansu bai ga ƙwayar hatsi ko'ina ba sai wuri guda, ga dorina a gabansa, ina kuke so ya je? Sun ɓalle laka sun ɗiba sun mayar, iyaye ba su sani ba. Na ja darekta gefe na nuna masa tokar.

"Ka tambaye su ina sunka samo?" in ji shi.

"A'a."

"To kak ka tambaya."

Aka ciro ƙyauren ɗakin ajiya, aka liƙa masa takardar siminti, na ja layuka da gawayi. Kwanaki muka yi a kai. Yara na durƙushe kewaye, ana shafa ƙaro da gashin kaza, ana jera ƙwayoyi, ana ƙara wani bisa wani don kada takarda ta leƙo. Ba zan yi muku ƙarya ba, ta yi kyau. Jar dawa ta ba da ruwan goro a sama, farin wake ya haska tsakiya, gero ya yi kusa da tsanwa a ƙasa. Yaran da suka zo da tsoro sun manta tsoron, suna gardama a kan wa ya fi jera layi. Sai rana ta rage, da'irar nan ta tsakiyar tuta, girman faifai. Darekta ya ce ba ya son ta saje da ta sama, jan wake yake so. Wannan karon bai ɗauki dorina ba. Cewa ya yi duk wanda ya kawo, shi zai shiga mota ya riƙe tutar a Konni. Hajo ba ta taɓa shiga mota ba. Washegari ta zo da ƙulli, ta kwance, ga wani jan wake mai sheƙi da ban taɓa ganin irinsa ba. Ita ta jera ranar da hannunta, daga tsakiya tana zagayowa, kowace ƙwaya idonta na kallon ciki. Darekta da kansa sai da ya ce madalla. Ya ce saura a shafe ta da barni, ruwan nan mai ƙyalli da kafintoci ke shafa wa kujera, don ta yi shekaru ba ta lalace ba.

Bayan la'asar ina zaune ƙofar gida sai ga wata tsohuwa da sanda, riƙe da gora. Inna Dije ce. Ta durƙusa, ta gaishe ni gaisuwar da ta fi ƙarfin shekaruna, sa'an nan ta kifa goran a gabana. Toka kaɗai ta zubo.

"Mushe, ban zo hwaɗa ba. Ban ko bugi Hajo ba, yaro ba shi da laihi. Waken ga uwata tab ba ni shi ran da anka kawo ni garin ga. Shi ka nuna tun hatsi bai hidda kai ba, shi ka hidda mu yunwa. Bara gona ba ta ba ni komi ba, wanga ɗai yar rage, kuma ba wani mai shi duk ƙasag ga. An ce mani an liƙa shi ga ƙyaure. Shina da rai har yanzu?"

Na ce mata ƙaro ba ya kashe iri, ruwa ke wanke shi. Ban gaya mata zancen barni ba. Ta ce alhamdu lillahi, ta ɗauki goranta ta tafi, ba ta roƙe ni komai ba. Da ta roƙa ma da ya fi mini sauƙi.

Kwana biyu tsakani ruwa ya sauko, ruwan shuka na sosai, irin wanda aka yi shekara biyu ana jira. Gari na wayewa kowa ya ɗauki sungumi, aka ɓalle bakin goruna, a nan asiri ya tonu. Ta ko'ina kukan yara kake ji ana bugunsu. Wani ya tarar da rabin irinsa, wani mai 'ya'ya uku a lakwal ya tarar da abin da bai kai ya shuka bayan ɗaki ba. Darekta kuwa ya hau baburinsa ya nufi Konni sayen barni, ya ce da marece za a shafa. Kafin hantsi sai ga magidanta sun taru bakin darnin lakwal, sungumi a kafaɗa. Ba su shigo ba. Suna tsaye suna kallon ɗakin da aka jingine ƙyauren.

Na koma gida. Uwarku Zinatu na da cikinka, Sani, ya tsufa, tana zaune tana tsince wake a faifai, waken da mahaifinta ya aiko mana. Ban buɗe baki ba ta riga ta gane.

"Isaka, wagga ba takarda ba ta, tuta ta. Kuma soja ka mulki."

"Iri na, Zinatu. In barni yat taɓa shi ya mutu."

"Na sani. Ni ma ɗiyar manoma ta. Amma mutanen ga da kag gani bakin darni, ran da jandarma sunka zo ba ka ganin bakin ko ɗaya."

"Haba, don su za ni yi."

Ta ajiye faifan ta dube ni.

"To in za ka yi, yi don Allah. Kak ka yi don su."

Na ɗauka tsoro ne irin na mai ciki. Na koma lakwal na sa manyan yara suka fito da ƙyauren, muka kwantar da shi ƙarƙashin bishiyar bedi. Na ce a kawo ruwa da tsummoki da ƙore. Da na gaya wa yara abin da za mu yi, suka tsaya suna kallon tutar. Aikinsu ne, gwiwoyinsu sun yi kanta a kansa, kuma an yi musu alkawarin kumandan zai gani. Na jiƙa tsumma na shimfiɗa bisa geron, na jira ƙaro ya saki, na sa hannu na share layin farko da kaina. Ban taɓa ɓata aikin yaro ba sai ranar. Daga nan suka sa hannu, wasu na kuka wasu na dariya. Dawa ƙwarya guda, gero ƙwarya guda, farin wake ƙwarya guda, a ɗauraye a baza bisa tabarma. Da aka zo kan ranar tsakiyar tuta, Hajo ta kife a kanta ta ce ba mai taɓa ta. Na ɗauka hanawa za ta yi. Ashe so take ta cire da kanta. Ta fara daga baki tana zagayawa ciki, ƙwaya ɗaya-ɗaya, hawaye na ɗiga bisa takarda, har ta kai ta tsakiya wadda ta fara sawa. Ta ƙulle duka a zanenta ta ruga gida.

Sauran irin ya gauraye, ba a san na wane da na wane ba. Sai maigari ya shigo da kansa, ya zauna bisa kujerar darekta, ya raba da ludayi gwargwadon yaran kowane gida. Shi ma ya ɗauki nasa, 'ya'yansa biyu suna ajina. Ku riƙe wannan. Magidanta suka yi layi, kowa na karɓa yana kama hannuna da hannu biyu.

"Mushe, Allah shi biya ka," in ji maigari. "Daga yau kai namu na. Abin da yat taɓa ka ya taɓa mu."

Kafin azahar ba kowa a gari, duk suna gona.

Darekta ya dawo da gwangwanin barni ɗaure bayan babur. Ya tsaya bisa ƙyauren, ba komai sai jiƙaƙƙiyar takarda da tabon ja. Bai yi ihu ba. Ya tambaye ni ko ni na yi, na ce ni ne, na gaya masa dalili. Ya ce ya riga ya yi wa anspekta albishir a Konni, anspekta kuma ya gaya wa kumandan. Ya juya babur ya koma inda ya fito.

Washegari motar jandarma ta shigo. Aka tara gari ƙofar maigari, aka tsayar da ni a tsakiya kusa da ƙyauren. Babban jandarman ya tambaye ni wa ya lalata tutar ƙasa. Na ce ni na cire ƙwayoyin, domin iri ne yara suka ɗebo, na mayar wa masu shi sun shuka. Ban ji tsoro ba, wallahi. Ina da shaidu gari guda. Jandarman ya juya wajen maigari ya ce, haka aka yi? Wa da wa suka karɓa?

Maigari ya dubi takalmansa.

"Ranka shi daɗe, mu talakawa ba mu shiga sha'anin lakwal. Ba mu ga komi ba."

Aka tambayi na kusa da shi, ya ce yana gona. Na gaba ya ce shi ma yana gona. Mutanen da jiya suka kama hannuna da hannu biyu, ina bin fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Sai wata murya ta taso daga wajen mata.

"Ƙarya kuka yi! Ni na amsa. Wakena na, Mushe yam maido mani shi. Ku ma kun amsa, kai maigari da ludayi kar raba!"

Inna Dije ce, ta dogara da sanda. Na ce a raina, to, an gama. Maigari ya yi ɗan murmushi ya taɓa goshinsa da yatsa.

"Ranka shi daɗe, tsuhwa ya taɓa ta. Ba ta san abin da taka hwaɗi ba."

Wani ɗan ɗan'uwanta ya kama hannunta ya ja ta gida tana ta magana, ba mai saurare. Jandarman ya ce tunda ba wanda ya karɓa, hatsin yana wurina, a je a duba. Suka shiga gidana, gari na biye. Suka birkice ɗaki ba su ga komai ba. Uwarku na bakin murhu da tukunya a wuta. Wani ƙaramin jandarma ya ɗaga murfin da bakin bindiga, ya leƙa, ya ga farin waken mahaifinta yana juyawa. Ya waiwayo wajen babbansu yana washe baki.

"Shef, ga tuta nan tana tahwasa!"

Jandarmomi suka fashe da dariya. Wannan bai dame ni ba, aikinsu ke nan. Abin da ya tsaya mini a rai har yau shi ne mutanen gari ma sun yi dariyar. Na san ta tsoro ce. Na san in sun amsa sun karɓa, ana iya kwashe magidanta a tsakiyar shuka, a bar gonaki. Na yi shekaru ina ba su wannan uzuri har na gaji da ba su. Tsoro ya isa ya rufe bakin mutum, na yarda. Amma ba tsoro ne ya sa suka riƙe sunan Ci-Tuta ba bayan mota ta tafi. Ba jandarma ne suka kai shi kasuwar Malbaza ba, ba su suka koya wa 'ya'yansu su jefe ku da shi ba. Sun ga in ni ɓarawo ne, su ba su da abin kunya, sai suka gwammace in zama ɓarawon.

Aka tafi da ni Konni, na yi makonni a tsare. Ina ciki aka haife ka, Sani, aka yi suna ba ni. Da na fito an riga an kore ni daga aiki, laifi biyu: raina tutar ƙasa da cin kayan lakwal. Uwarku ta koma Tsarnawa da jariri, a can na same ta. Mahaifina, wanda duk gari ke kira uban Mushe, yana zaune a zaure. Na durƙusa na gaya masa komai daga farko har ƙarshe. Da na gama sai ya ce:

"Da ci kay yi, da na ce yunwa ta, ba ta bar kowa ba. Amma ka zubda aikin gwamnati don mutanen da ba su iya ce ma sannu? Isaka, wa za ni hwaɗa ma wanga shi yarda?"

Ya yarda ban ci ba, amma bai taɓa yafe mini ba, har ya koma ga Allah. Ni kuma na shiga dakon siminti a Malbaza. Buhunan da nake yankawa yara su yi zane, su na koma ɗauka a ka. Tarin nan da kuke ji ina yi da asuba daga can na samo shi. Sai daga baya wani direba ya ga ina zana raƙumi da gawayi a bango, ya ce in yi masa a jikin kamyonsa. Da fentin motoci na ciyar da ku, ba na raina shi. Amma ban sake tsayawa gaban yara da laka a hannu ba, kuma abin da aka halicce ni dominsa ke nan. Uwarku ba ta taɓa ce mini ai na gaya maka ba, ko sau ɗaya. Da ta faɗa ma da na samu wanda zan yi wa faɗa.

Daminar nan kuwa ta yi kyau. Ƙauyen ya cika rumbuna. Waken Inna Dije ya nuna tun gero bai fid da kai ba, ya yi 'ya'ya kamar me, maƙwabta suka yi ta roƙon iri tana ba su. Darekta ya ga haka, ya aika aka karɓo masa, ya shuka a lambun lakwal. Shekara na zagayowa ya kai shi Konni, ya baje a gaban kumandan a matsayin aikin lakwal ɗinsa. Ma'aikatan gona suka yaba, suka ɗiba suka rarraba a ƙauyuka, shi kuma aka ɗaga shi zuwa babbar lakwal a birni. Da mutane suka tambayi sunan waken, aka ce ai na darekta ne. Ɗan darekta. Kun san shi, kun sha ganinsa a kasuwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan ne dalilin da ya sa tun kuna yara ba a dafa jan wake a gidana, ba don yana ɓata mini ciki ba kamar yadda uwarku ke gaya muku.

Bayan uwarku ta rasu, wata ranar kasuwa na shiga Konni sayen fenti. Ina ratsa layin masu hatsi na ji wata mace na kira, ga ɗan darekta, ga mai saurin nuna. Na waiwaya don in harare ta. Ta tsufa kafin lokacinta, da goyo a baya, amma hannun da ke gyara tsibin waken na san shi. Ta jera na saman tiya, kwanon awo, a zagaye, kowace ƙwaya idonta na kallon ciki. Ta ɗago kai, ta gan ni. Ta sauko daga kan buhu ta durƙusa.

"Mushe."

Rabon da a kira ni haka har na manta. Na tambaye ta kakarta, ta ce ta daɗe da rasuwa, kuma har ta mutu tana gaya wa duk wanda ya zauna kusa da ita abin da ya faru, ana cewa ruɗewar tsufa ce. Na tambaye ta lakwal, ta ce shekarar tutar nan aka fid da ita. Na ce ko tana ginin laka har yanzu. Ta yi dariya ta ce sai murhu. Sa'an nan na nuna tsibin da ke gabanta.

"Hajo, mi as sunan waken ga?"

Ta sunkuyar da kai.

"Mushe, in nac ce waken Dije, ba mai saye. Ba su san shi ba."

Na ce ta auna mini tiya guda. Ta auna ta ƙara, ta rantse ba za ta karɓi ko dala ba. Na ce in ba ta karɓa ba zan bar mata shi a nan. Ba wanda zai sake cewa na ci ƙwayar wani. Ta karɓa tana kuka.

Na kawo gida na raba biyu. Rabi na gauraya da toka na zuba a gora na toshe da laka. Shi ne asalin wanda kuke gani rataye a ɗakina, kowace damina ina shuka shi bayan gida ina sabuntawa. In na mutu ku ci gaba da shukawa, ku ba duk wanda ya roƙa, amma ku gaya masa sunansa waken Dije. In ya ce ɗan darekta ne, ku karɓe abinku.

Ɗaya rabin na ba ƙanwarku ta dafa. Ta yi mamaki, ta ce Baba, yau jan wake? Na ce dafa. Na zauna ni kaɗai na cinye. Ranar nan ce na fara sa ƙwayar tutar nan a bakina, kuma da kuɗina na saya.